Hoton da Aka Liƙa a Tashar Bas

Souley da Mainasara sun fara tafiya riƙe da hannun juna tun suna yara 'yan makaranta a Maraɗi, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu akwai ƙasar da za su je wannan ya zama abin magana. A gida haka aminai suke yi. Ka haɗu da amininka a hanya, ku gaisa, hannun ya ƙi sakuwa, sai ku ci gaba da tafiya a haka kuna zance har inda hanya ta raba ku. Dattawa na yi, sojoji na yi, limamai ma na yi. Da suka zo New York, Souley a shekarar 1988, Mainasara shekara guda bayansa, sun canja abubuwa da yawa. Sun koyi sa riga uku lokacin sanyi, sun koyi cin abinci a tsaye, sun koyi naɗe tebur cikin minti ɗaya idan 'yan sanda suka karyo kwana. Riƙon hannun ne dai ba su canja ba, domin ba su san yana cikin abubuwan da ake canjawa ba.

Teburansu na jere a gefen titin Canal. Souley na sayar da huluna da tabarau, Mainasara kuma laima da jakunkunan mata. Kullum da azahar sai su bar wa maƙwabci amanar kaya, su taka zuwa bayan shagon wani ɗan Senegal inda ake shimfiɗa kwali a yi salla.

A ƙarshen shekarar 1993 wani Bature siriri mai furfura, mai suna Warren, ya fara zuwa wurinsu da kyamara a wuya. Kusan mako ya yi yana zuwa. Zai sayi hula ɗaya, ya tsaya ya tambayi sunan garinsu, ya yi ta fama da faɗin "ina kwana" har su yi dariya. Ranar da ya tare su a hanyar dawowa daga salla ya nemi ɗaukar hotonsu, Souley bai ga ta inda zai ce a'a ba. Mutumin da ya yi kwana shida yana gaishe ka ai ya wuce baƙo.

Ana gama ɗauka sai ruwa ya tsinke. Mainasara ya ruga teburinsa, don ruwan sama shi ne kasuwar mai laima. Warren ya miƙo wata takarda a kan allo, ya ce izini ne kawai, sannan ya sunkuya yana cusa kyamararsa cikin riga kada ta jiƙe. Layi biyu ne a ƙasan takardar. Souley ya rubuta sunansa a na farko, ya rubuta na Mainasara a na biyu. Bai ɗauki abin a bakin komai ba. Shi ne babba da wata bakwai. Shi ya kama wa Mainasara ɗaki a unguwar Highbridge, shi yake karɓar masa saƙo, shi yake amsawa idan an yi sallama da shi ba ya nan. A wurinsu, abin da ɗaya ya yarda da shi, ɗayan ya yarda.

Bayan mako biyu Warren ya kawo kwafi biyu. Souley ya aika ɗaya wa tsohuwarsa a Maraɗi, ɗayan kuma matarsa Habsatu ta ɗora a kan talabijin. Daga nan aka manta.

Wata safiya a watan Mayu, Souley na jera tabarau, sai ga taksi ta ci burki a gabansa. Tsoho ne, wani ɗan zangon Kumasi da suke masallaci ɗaya, mutum mai baki kamar reza. Ya leƙo ta taga yana tafi.

"Ango! Ango ka sha ƙamshi! Ashe biki aka yi ba a gayyace mu ba?"

"Wane irin biki kuma da sassafe?"

"Maigida, shigo in nuna maka. Ban ɗaukar ko sisi, yau kai ne babban baƙo."

Ba su yi nisa ba. A wata tashar bas a unguwar Village, Tsoho ya tsaya ya nuna da baki. Cikin gilashi, hoto ne da ya fi mutum tsawo. Ga Souley da jaket ɗinsa mai ruwan ƙasa, yana dariya har ana ganin wushiryarsa. Ga Mainasara ya karkato kai yana gaya masa wani abu. Souley ma ya tuna abin, labarin wani ɗan sanda ne da iska ta juye wa laima. An dusashe titin da mutanensa, an ƙara wa hannayensu haske. A ƙasa an rubuta da Turanci: duk wanda zuciyarka ta zaɓa, mu za mu sada ku. Sai sunan wani ƙaramin kamfanin tarho, da wani layi mai launin bakan gizo.

"To mi ya faru?" in ji Souley. "Tallar waya ce."

Tsoho ya kwashe da dariya har yana dukan sitiyari. "Shekara shida a garin nan ba ka san layin can ba? Alamarsu ce, maza masu son maza. Wata mai zuwa ne bikinsu na shekara, kowane kamfani na zawarcinsu. Tasha tara na ƙirga da idona. Abdou na masallacinmu ya ce har a mujallarsu ya gani, ban dai tambaye shi abin da ya kai shi buɗewa ba."

Souley bai san sanda ya fito daga motar ba. Ya tsaya gaban gilashin yana kallon fuskarsa. Wata tsohuwa da ke jiran bas ta dube shi, ta dubi hoton, ta yi masa murmushi na alheri. Wannan murmushin ya fi dariyar Tsoho ƙona masa rai.

Kafin ya koma Canal labari ya riga shi. Ya tarar da Mainasara tsaye, bai buɗe ko laima ɗaya ba.

"Wa ya ba su izini?" in ji Mainasara.

"Takardar nan ce ta ranar ruwa. Ni na sa hannu."

"Naka ke nan. Nawa fa?"

Souley ya sunkuya yana gyara tabarau.

"Ina tambayarka. Nawa fa?"

"Har naka. Kana can wurin masu saye, na ga ai duk ɗaya ne."

Mainasara ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya naɗe teburinsa, ya ɗaure laimominsa, ya tura kekensa zuwa wata kwana can gaba, wurin da ko ciniki babu sosai. Da azahar kowa ya tafi salla shi kaɗai.

Abin da ya biyo baya a Highbridge ba shi da daɗin faɗi. Mutanen da suka fi kowa sanin gaskiya su ne suka fi kowa jin daɗin ƙaryar. Kowannensu ya girma yana ganin ubansa riƙe da hannun amininsa a hanyar kasuwa, amma sai ga shi ana "wa ya sani, garin nan yana canja mutum." Wani ya yago shafin mujallar ya kai shagon da ake buga kwafi. A masallaci, wanda ya saba tsayawa kusa da Souley ya fara barin tazarar da yaro zai iya shiga. Matan da ke zuwa kitso wurin Habsatu suka koma yi mata sannu irin ta mai jinya. Kafin mako ya zagayo, surukin Mainasara ya bugo waya daga Maraɗi yana tambaya ko gaskiya ne abin da ya ji.

Souley bai iya cin abinci. Abin da ke cin ransa ya wuce dariyar mutane. Shekara talatin da wani abu, bai taɓa kwana uku bai ji muryar Mainasara ba, in ban da shekarar da ya riga shi zuwa New York, yanzu ga shi suna hawa bene ɗaya, in sun haɗu a matakala sai ɗayan ya kau da kai. Ya san in hoton nan bai sauka ba, abotar ta tafi ke nan.

"Zama ba zai sauke shi ba, Baban Hafsa," in ji Habsatu. "Ka sa babbar rigarka ka je musu. Ba sata ka yi ba."

Kamfanin tarho suka ce ba su suka tsara tallar ba, suka ba shi adireshin ofishin masu talla, hawa na goma sha tara a wani gini a tsakiyar Manhattan. Ya yi awa biyu zaune a kujera mai laushi kafin wata mata mai gajeren gashi, Misis Halloran, ta fito ta karɓe shi da fara'a. Ta ce ta gane shi tun daga nesa. Ta ce hotonsu ya fi duk abin da suka fitar bana karɓuwa, har wasiƙun godiya ake aiko musu.

Souley ya tattaro Turancinsa, ya yi bayani a tsanake yadda ya tsara tun a jirgin ƙasa. Mutumin nan amininsa ne. Kowannensu na da mata. A ƙasarsu riƙon hannu abota ce. Abin da aka rubuta a ƙasan hoton ba gaskiya ba ne, kuma ya raba shi da amininsa. Yana roƙo a sauke.

Ta saurare shi har ƙarshe tana gyaɗa kai. Sannan ta ce ta ji, kuma su kamfani ne mai sauraron jama'a. Don ya tabbatar, ta kai shi gaban wani shafin jarida da aka sa a gilashi aka rataye a bango. Bara, in ji ta, sun yi wata tallar rediyo da aka kwaikwayi muryar irin waɗancan mazan don a ba da dariya. Mutanen suka nuna ɓacin ransu. Cikin kwana biyu aka janye tallar, aka sayi shafi guda a jarida aka ba su haƙuri. Ga shi nan. Tana alfahari da shi.

Souley ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya fahimci kusan duka. Mun nuna ku a yadda ba haka kuke ba, in ji takardar, kuma ba mu da hujja.

"To madalla," ya ce. "Ni ma abin da ya kawo ni ke nan. Kun nuna ni a yadda ba haka nike ba."

"Wannan daban ne."

"Ina bambancin?"

"Waccan tallar izgili ce. Wannan kuwa girmamawa ce. Ba abin kunya a cikinta. In muka sauke don ka ce ta zubar maka da mutunci, me muka gaya wa mutanen da aka yi ta dominsu? Mun ce musu zama irinsu abin kunya ne. A lokacin bikinsu kuma? Ba za mu iya ba."

"Madam, ban zo yi wa kowa shari'a ba. Ban san su ba, ba su san ni ba. Cewa na yi ba ni ba ne." Muryarsa ta fara tashi, ya ji ta, ya kasa riƙe ta. "In kun ɗauki hoton mutum biyu daga cikinsu, kuka rubuta a ƙasa wai mata suke nema su aura, suka zo suka ce ƙarya ne, za ki ce musu aure ba abin kunya ba ne? Ko saukewa za ku yi?"

Ta ce ba ta ganin misalin ya dace. Ta ce tana ba shi shawara ya tambayi kansa dalilin da ya sa abin ya dame shi haka. Ta ce kuma, a ƙarshe, akwai takarda da suka sa wa hannu su biyu, tallar za ta ci gaba har ƙarshen Yuli.

Ya tambayi kansa! Souley ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Shi aka ɗauki fuskarsa, shi aka yi wa ƙarya, shi aka raba da amininsa, kuma shi ne zai koma gida ya binciki zuciyarsa. Ya nuna shafin da ke bango.

"Su kwana biyu. Ni kuma darasi za a ba ni."

Wani mai gadi ya raka shi har bakin lif, cikin ladabi, yana riƙe masa ƙofa.

Da ya isa gida bai cire rigar ba. Ya yi ta kai da kawo a falo yana maimaita wa Habsatu maganar, da Hausa, da Faransanci, da Turancin ma. Ta bar shi ya gaji. Sannan ta ɗauko hoton daga kan talabijin, inda ta kife shi tun ranar da abin ya faru, ta nuna masa bayansa. Akwai hatimin Warren da adireshinsa.

"Wanda ya ci gaisuwarku kwana shida," ta ce. "Shi ya kamata ya kalli idonka."

Washegari da hantsi ya hau benen wani tsohon gini ya buga ƙofa. Warren na ganinsa ya sauke kai. Bai yi kamar bai san abin da ya kawo shi ba. Ya ce hotuna da yawa ya sayar wa masu tallar, su suka zaɓa, su suka rubuta kalmomin.

"Amma ka gani kafin a liƙa?" in ji Souley.

"Na gani."

"Ka san ba haka muke ba?"

"Na sani. Na gaya musu ma. Suka ce ba a ambaci sunan kowa ba." Sannan ya ƙara, "Ban matsa ba. Gaskiya ita ce na so in gan shi a titi."

Ya nuna wani ƙaramin hoto a kan teburinsa, na wani mutum mai gemu yana riƙe da kofi. Ya ce shekara goma sha takwas suka yi tare, bara waccan ciwon ƙanjamau da ke ta kwashe mutanensu ya ɗauke shi. A duk shekarun nan ba su taɓa tafiya a titi da rana riƙe da hannu ba, sai a 'yan layuka kaɗan, can ma suna waige. Ranar da ya ga Souley da Mainasara sun ratso Canal a haka, ba tsoro, ba waige, sai da ya nemi wuri ya zauna.

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Souley. Bakinsa ne ya faɗa tun kafin ya yi tunani, don ba a jin rasuwa a yi shiru. Ya tsaya kaɗan saboda mamacin. Sannan fushin ya dawo masa gaba ɗaya. "Amma ba da fuskata za ka yi zaman makokinka ba. Kai da ka san zafin a faɗi abin da ba kai ba, kai ne za ka yi wa wani? Ku an ba ku haƙuri a jarida. Na gani, an sa a gilashi."

Warren ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Kana tsammani don suna ƙaunarmu ne? Wasiƙa ɗari shida muka aika. Muka toshe musu layukan waya kwana biyu cur. Kafin nan mun fi shekara goma muna binne mutane, ba ofishin da ke ɗaga mana waya. Tsoronmu suke ji yanzu, shi ke nan. Ku ma ku tara mutanenku."

"Mutanena?" Souley ya ja tsaki. "Mutanena na can suna buga kwafi."

Warren ya jawo wata durowa, ya yi ta bincike har ya zaro kwafin takardar izinin. Ya kai ta bakin taga ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya rubuta suna na biyu?"

"Ni."

"Shi ya ce ka rubuta?"

"Ba ya buƙatar ya ce. Aminina ne."

"A nan yana buƙata." Warren ya ajiye takardar. Ya yi masa bayani dalla-dalla. In mutum bai sa hannu da kansa ba, ba a da izinin sayar da kaya da fuskarsa. Lauyoyin kamfanin za su sauke hoton da gudu. Sai dai dole Mainasara ya je da ƙafarsa ya ce bai sa hannu ba, dole kuma Souley ya rubuta cewa shi ya sa sunan wani. Shi Warren zai raka su, zai faɗi cewa bai duba ba, ko da hakan zai sa su daina sayen aikinsa.

Souley ya zauna a kan wani akwati. Wato duk bayanin da ya yi, da babbar riga, da abota ta shekara talatin, ba su kai nauyin wannan ba. Kuskurensa, abin da ya raba shi da Mainasara, shi kaɗai ne abin da mutanen nan za su saurara.

Ya sami Mainasara a sabuwar kwanarsa, zaune a kan bokiti, rana na dukan laimomin da ba mai saye. Ya yi sallama, aka amsa a taƙaice. Ya faɗi abin da ake ciki.

"Bon," in ji Mainasara. "Ka sa ni a bango, yanzu kuma gaban lauya za ka kai ni. Ni da bizata ta mutu shekara uku."

"Ba ruwansu da biza. Ni zan rubuta na yi laifi, ba kai ba."

"Ranar ma ka ce ba komai."

"Ranar ban tambaye ka ba. Yau tambayarka nike. In ka ce a'a, a'a ce." Souley ya ƙara da cewa, "Litinin, ƙarfe goma. Zan tsaya a tashar jirgi ƙarfe takwas da rabi."

Mainasara ya juya yana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara.

Ran Litinin, Souley ya sauko tasha ya tarar da shi can ƙarshen dandamali, da hula da rigar Juma'a. Ba su gaisa ba. A jirgi ma akwai kujera biyu a jere, Mainasara ya zaɓi tsayuwa.

Wannan karon ba a bar su jira ba, don Warren ya riga ya buga waya. Misis Halloran na nan, da wani lauya mai jan wuya. Lauyan ya sa Mainasara ya rubuta sunansa sau uku a farar takarda, ya ɗora kusa da na izinin, ya duba. Ko minti goma ba a yi ba. Ya ce za a cire hotunan duka kafin Alhamis, na mujalla kuma ba za a sake bugawa ba. Bai tambayi biza ba. Bai ma tambayi yadda suke ba.

Souley ya rubuta abin da aka ce ya rubuta, cewa shi ya sa sunan wani ba da izini ba. Da ya ajiye alƙalami ya dubi matar.

"Saura jarida."

"Wace jarida?"

"Irin waccan ta bango. Ko rabin shafi. Ko layi uku. Ku ce mutanen nan aminai ne, mun yi kuskure."

Ta ce tana jin ba a fahimci juna ba. Ba wai sun yarda tallar na da aibi ba ne. Matsalar takarda ce aka samu, an kuma gyara.

"Mi ta ce?" in ji Mainasara. Wannan ce magana ta farko da ya yi wa Souley tun safe.

"Ta ce ba mu aka ɓata ba. Takarda aka ɓata."

Mainasara ya miƙe tsaye har kujerarsa ta yi ƙara. Warren ya fara cewa wani abu game da adalci, lauyan ya katse shi, ya turo wata takardar, wadda ke cewa magana ta ƙare, ba ƙara, ba zuwa wurin 'yan jarida. Mainasara ya dube ta, ya tura wa Souley.

"Karanta mini. Da Hausa. Layi-layi."

Shafi uku ne. Souley ya yi ta karantawa yana fassarawa, Mainasara na tsayar da shi yana "maimaita wanga," "mi suke nufi da wanga." Lauyan ya duba agogo sau huɗu. Misis Halloran ta fita ta dawo, ta sake fita. Sai da aka cinye minti arba'in sannan Mainasara ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, har takardar ta kusa hujewa.

Ran Alhamis aka sauke hotunan. Tsoho ne ma ya kawo labari, ya ce an maye gurbinsu da hoton wayar tarho kawai, ba mutum. Ba wanda ya ba kowa haƙuri. Masu kwafi ba su karɓi kwafinsu sun yaga ba. Shafin jaridar nan kuwa yana nan a bangonsa cikin gilashi.

Ran Juma'a Souley ya fito zai tafi masallaci, ya tarar da Mainasara a bakin ƙofar gini. Suka kama hawan tudun Highbridge tare, da tazara a tsakaninsu, ba mai magana. Souley ya cusa hannayensa duka biyu cikin aljihu. Tun da abin nan ya faru haka yake tafiya, har ya fara sabawa. Daga nesa suka hango mutane a ƙofar masallaci, Tsoho a tsakiyarsu, ya riga ya hango su, ya riga ya taɓo na kusa da shi.

"Fiddo hannunka," in ji Mainasara, bai dube shi ba.

"Suna kallo."

"Na ga suna kallo. Waɗancan sun ɗauki fuskata sun sayar, ban samu ko sannu ba. Waɗannan kuma su karɓe mini abin da na gada wurin ubana? Fiddo hannunka, na ce."

Souley ya fiddo. Mainasara ya damƙe shi da ƙarfi, riƙon da ba na zance ba ne, har zoben azurfarsa na shiga nama. A haka suka ƙarasa. Tsoho ya buɗe baki, murmushi ya riga ya cika masa fuska.

"Tsoho," in ji Mainasara, da muryar da har na cikin masallaci suka ji, "tsohonka a Kumasi bai da amini? In sun fito kasuwa, a aljihu yake sa hannu?"

Tsoho ya rufe bakinsa. Wani dattijo da ke cire takalmi ya ce, "Ku ba mutane hanya mana." Aka dare.

A bakin ƙofa, suna sunkuye suna kwance igiyar takalmi, Mainasara ya ce ƙasa-ƙasa, "Kada ka ɗauka na huce."

"Na sani."

"Kuma gobe ka zo ka taya ni turo keke. Kwanar can ko kare ba ya sayen laima."